Baka mai wili mai sauƙin kuɗi don farautar rani: wanne ya kamata in saya?

Sale_Darazo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan baka mai wili, wato kamfawun. So nake in sayi guda ɗaya kafin a gama girbi, don farautar rani a dajin da ke kewayen gonakinmu a Darazo. Abin da ake samu a wajen bai wuce zomo, zabon daji, gyazbi da gada ba. Kuɗin da zan iya kashewa bai wuce dala 400 ba, har da kibau da kuɗin kawowa, kuma wani ɗan'uwa mai safarar kaya daga Cana ne zai sayo mini.

A intanet na ga masu suna iri-iri: Bear, Diamond, Sanlida, Junxing, Topoint, da wasu ma da ba su da suna sam. Kowanne an rubuta masa laba 70 da gudun ƙafa 310 ko 320 a sakan. Shin mai laba 70 ɗin ne ya fi? Me ya kamata in duba kafin in tura kuɗi? Idan na buɗe hannuwana, daga ƙarshen yatsa zuwa ƙarshen yatsa santimita 175 ne, na ga ana cewa hakan na da muhimmanci. Sannan kibiyoyinmu na kyauro za su yi aiki da shi, ko dole sai na waje? Allah Ya saka da alheri.

Injiniya_Toro:

Wa alaikumus salam, Malam Sale. Ka ajiye maganar suna da gudu tukuna. Abin da zai yanke maka hukunci shi ne wannan: daga Darazo babu shagon gyaran baka da za ka kai masa ziyara da yamma ka dawo. Saboda haka bakan da ya dace da kai shi ne wanda kai da kanka za ka iya daidaitawa da alanki, ba tare da injin matse fukafukai (hannayen bakan biyu masu lanƙwasuwa) ba, kuma wanda za ka samu tsirkiyarsa idan ta farko ta mutu. Duk wanda bai cika waɗannan biyu ba, ko kyauta aka ba ka, rataye shi za ka yi a bango.

Fara da tsawon ja. Santimita 175 ɗin nan naka inci 69 ne saura kaɗan. Raba shi da 2.5, ka samu 27.6, don haka ka fara da inci 27.5. Baka mai wili ba kamar na gargajiya ba ne da kake ja iya inda hannunka ya kai. Yana da bango, inda wilin ke tsayawa cak. In aka saita shi ya fi ƙarfin hannunka tsawo, gwiwar hannun hagu za ta miƙe ta kulle, tsirkiya ta riƙa zane maka damtse, kuma kanka ya riƙa karkata baya wajen neman saiti. In ya gaza, kafaɗa za ta takure, hannu ya yi ta rawa. Idan kana tantama tsakanin biyu, ɗauki gajeren, domin madaukin da kunamar saki ('yar na'urar da ake jan tsirkiya a kuma sake ta da ita) ke kamawa zai ƙara maka kusan rabin inci.

Ka nemi wanda wilinsa ke da faifan juyawa mai lambobi: ka kwance sukurori biyu ko uku, ka juya faifan zuwa lambar tsawon da kake so, ka mayar ka ɗaure. Idan wili biyu ne masu kama da juna, dole na sama da na ƙasa su zauna a lamba ɗaya, in ba haka ba ɗaya zai riga ɗaya isa bango, gindin kibiya ya riƙa tsalle. Sukurorin nan suna kwancewa da girgiza, a ɗiga musu Loctite shuɗi, ba ja ba. Jan ba ya kwantuwa sai da wuta.

Sai nauyin ja. Laba 70 kusan kilo 32 ne, kuma babu dabbar da ka lissafa da ke buƙatar hakan. Gada ba ta cika wuce kilo 20 zuwa 25 ba. Laba 45 zuwa 55 sun ishe ka har da ragi. Gwajin da ba ya ƙarya: zauna a kan kujera, ɗaga ƙafafunka daga ƙasa, miƙa bakan gabanka sak, ka ja a hankali. In sai ka ɗaga shi sama ko ka murɗa kugu kafin wilin ya juya, ya yi maka nauyi. Zabo ba ya jiran mai kokawa da baka. Sabon hannu ya fara da laba 35 zuwa 40, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan bayan makonni. Ana ƙarawa ko ragewa da manyan notuna biyu da suka riƙe fukafukai a gangar jiki. A juya su daidai wa daida, sama ɗaya ƙasa ɗaya, a sa musu alama da maka don kada lissafi ya ɓace, kuma kada a kwance su fiye da adadin da takardar kamfani ta faɗa, domin idan noti ya fita daga zarensa alhali fiffike na ɗaure, fuskarka zai nufa.

Rangwamen riƙo na yawancin waɗannan bakuna kashi 70 zuwa 80 ne cikin ɗari. Wato mai laba 55 da rangwamen 80, idan ka kai bango laba 11 kawai kake riƙe da ita, kilo 5. Wannan ne amfanin wilin gaba ɗaya: ka ja tun dabba na bayan sabara, ka jira ta fito.

Gudun 310 da kake gani kuwa, an auna shi ne da laba 70, jan inci 30, da kibiya mai giren 350 (giren shi ne awon nauyin kibiya). Kai ba za ka taɓa ganinsa ba. Kowane inci da aka rage yana cin kusan ƙafa 10 a sakan, rage nauyin ja da ƙara nauyin kibiya su ma suna cin nasu. Da inci 27.5, laba 55 da kibiya mai giren 400, ka sa ran 230 zuwa 240. Ƙarfin bugun wannan ya kusa ƙafa-laba 50, alhali jadawalin kamfanin Easton ya sa barewa da makamantanta tsakanin 25 da 41. Don haka kada ka ƙara ko sisi saboda bambancin 310 da 320.

Daga cikin sunayen da ka ambata, uku sun cika sharaɗin alanki. Bear Cruzer G2 yana tafiya daga laba 5 zuwa 70, jan inci 12 zuwa 30. Diamond Infinite Edge Pro laba 5 zuwa 70, inci 13 zuwa 31, kuma tazarar tsirkiyarsa da mariƙi inci 7 ce, wadda ta fi yafe wa sabon hannu kuskure fiye da mai inci 6. Sanlida Dragon X8 har laba 70, inci 18 zuwa 31. Biyun farko kamfanonin Amurka ne, kuma kowannensu shi kaɗai zai kusa cinye kuɗinka kafin a zo maganar kibau da dako. Sanlida ɗan Cana ne, farashinsa kusan rabin nasu, kuma can ɗan'uwanka zai je. A lissafin dala 400, ni shi zan nuna maka, ragowar ta tafi kan kibau, kunama mai kyau da tsirkiya ta biyu. Wannan hukuncin aljihu ne, ba wai ya fi su inganci ba.

Marasa sunan nan ka bar su. Wili na roba ko na ƙarfen zubi mai kaifin gefe, ba lambar siriyal, ba takardar da ke nuna tsawon tsirkiya da kebul: ranar da wani abu ya tsinke ba ka da abin da za ka rubuta wa mai sayarwa. Gangar jiki ta zama alminiyam, wili kuma wanda aka fafe da inji, mai boris rufaffe.

Abu na ƙarshe da ake mantawa har kaya su iso: hannun dama ko na hagu. Ido ne ke zaɓa, ba hannu ba. Haɗa tafukanka ka bar ƙaramar kafa, kalli wani abu mai nisa ta ciki da ido biyu, sannan ka jawo hannuwan zuwa fuskarka. Idon da kafar ta sauka a kansa shi ne jagora. Ba a juya bakan dama ya koma na hagu.

Baba_Mai_Kwari:

Injiniya ya yi bayani, Allah Ya ƙara basira. Amma ɗana Sale, bari in kawo maka ɗaya gefen kafin ka tura kuɗi, domin ban yarda cewa wili ne amsar kowane mafarauci a ƙasar nan ba.

Tun da aka ba Holless Allen na jihar Mizuri ta Amurka takardar mallakar wannan ƙira a 1969, a ƙasar da shagon gyara ke bakin titi aka rene ta. Baka mai wili yana ɗaure ne dare da rana, ba a kwance masa tsirkiya bayan farauta. Canja tsirkiya, murɗa kebul don wilai su daidaita, har gyara zoben leƙe, ɗan zoben da ke jikin tsirkiya da ake leƙa saiti ta cikinsa, idan ya juya ya ƙi kallon ido, duk suna son injin matsa. Sabuwar tsirkiya mai araha tana miƙewa a harbi ɗari biyu na farko, zafin Maris da Afrilu na Gombe da Bauchi, da yakan kai digiri 40, yana ƙara mata. Alamar ita ce zoben leƙe ya karkace, bango ya yi laushi kamar ana tsayawa sau biyu, kibiya ta sauka inda ba ta saba ba. A nan ne mutum ke kai shi wajen bakanike a matse shi da bais, fiffike ya tsage.

Baka mai lanƙwasa wanda ake harhaɗawa, irin Samick Sage mai inci 62, ba shi da wannan ciwon kai. Notuna biyu ne, fukafukai suna fita ka sa a jaka, tsirkiyar Dacron ce wadda ake ɗaurawa da igiyar ɗauri cikin minti ɗaya, kuma mai haƙuri zai iya murɗa wata da kansa. Mai laba 40 zuwa 45 yana kayar da gada a taku ashirin. Farashinsa ƙasa da na wili. Abin da yake karɓa a wurinka shi ne lokaci: nauyin gaba ɗaya yana kan yatsunka, ba rangwame, sai ka yi watanni kafin hannu ya zauna. Wanda ya taso da kwari a kafaɗa ba zai ga wannan wani abu ba. Wanda bai taɓa ja ba, wili zai kai shi ga buga faifai a mita 20 cikin makonni kaɗan, wannan gaskiya ce, ba na musu.

In wilin ka nace, to ka sa waɗannan a cikin oda ɗaya, kada ka ce sai daga baya: cikakken saitin tsirkiya da kebul na wannan samfurin, ƙaramin abin matsa na tafi-da-gidanka irin Bowmaster tare da maƙalan da suka dace da fukafukai masu tsaga biyu, bayan ka tabbatar daga mai sayarwa cewa yana aiki da samfurinka, sai zaren naɗi, igiyar madauki mita ɗaya, kakin tsirkiya guda biyu, da saitin alanki na inci, domin na milimita da ke kasuwa yana cinye kan sukurori idan bakan na awon inci ne. Kuma ka ɗauki hoton takardar da ke manne a fiffiken ƙasa tun ranar farko. Rana da gumi suna goge rubutun.

Sale_Darazo:

Na gode Injiniya, na gode Baba. Ban taɓa ja da baka sosai ba, don haka ina ganin wilin zan ɗauka, tare da kayan da Baba ya lissafa. Idon dama ne jagora. Saura maganar kibau. Bakan yana zuwa da kibau goma sha biyu a kwali, sun isa? Kuma ba a amsa mini batun kyauro ba.

Kabon_Gombe:

Malam Sale, kyauro a baka mai wili haɗari ne, ba ma maganar rashin saiti ba. Wili yana sakin ƙarfinsa ne farat ɗaya, kyauro ko sandar itace ba za su ɗauka ba. A kan mazaunin kibiya za su fashe, rabin baya ya shige bayan hannunka na hagu. Sannan kibiyarmu ta gargajiya ba ta da gashi, ba ta da gindin roba da ke kama tsirkiya, don haka tana iya zamewa kafin saki, ya zama ka saki tsirkiya wofi. Sakin wofi shi ne babban mai kashe wannan baka: ƙarfin da ya kamata kibiya ta tafi da shi yana komawa cikin wili da fukafukai, tsirkiya ta fice daga layi, wili ya lanƙwashe, wani lokaci fiffike ya tsage ta ciki ba ka gani. Mafi yawa ba mai bakan ke yi ba, abokin da ya ce bari in ji nauyinsa ne. Kada ka miƙa wa kowa sai da kibiya a kai, an fuskanci buhun atisaye.

Kibiya tana da lambobi biyu da za ka kula da su, tauri da nauyi. Lambar tauri, 500, 400, 340, awon lanƙwasa ce: ana ɗora sandar a kan matokarai biyu masu tazarar inci 28, a rataya nauyin giram 880 a tsakiya, a auna yadda ta sunkuya. Ƙaramar lamba, kibiya mai tauri. Da tsawon kibiya inci 28.5 zuwa 29 da kai mai giren 100: laba 40 zuwa 45 ka ɗauki 500, laba 50 zuwa 55 ka ɗauki 400, daga 60 zuwa sama sai 340. Tunda 55 za ka nufa, sayi 400 tun yanzu. Kibiyar da ta ɗan fi tauri wili yana haƙuri da ita, mai laushi ce ba ya yafewa, musamman idan an ɗaura kan wuƙa. Na cikin kwali sau da yawa 500 ne masu inci 30 ko fiye, wasu ma gaurayen kabon da gilas ne, nauyinsu ba ɗaya ba. Ka yi koyo da su a laba 35 zuwa 40, amma ka sayi dozin ɗaya na kabon zalla mai lamba 400 don farauta.

Nauyi kuwa, ƙa'ida ita ce kada ya gaza giren 5 ga kowace laba. A laba 55, giren 275 ke nan, kusan giram 18. Ƙasa da haka ɗan'uwan sakin wofi ne. Na farauta ya kai giren 400, giram 26: ya fi shiga nama, kuma bakan ya fi yin shiru. Ka ɗora su ɗaya bayan ɗaya a ƙaramin sikelin masu gwal, ka ware waɗanda suka yi kusa da juna. Idan za a rage tsawo, a bar aƙalla inci ɗaya gaba da mazaunin kibiya a cikakken ja, don wuƙa ta tsaya gaban yatsunka. Ba a yanka kabon da zarto, yana tsattsage zaren; ƙaramin faifan yanka mai gudu ake sawa, a rufe hanci.

Kafin kowane harbi, musamman bayan kibiya ta bugi dutse ko 'yar'uwarta, ka kama ƙarshenta biyu ka lanƙwasa ta nesa da fuskarka kana juyawa. In ka ji ƙas-ƙas ko ka ga tsaga kusa da gindi, karya ta ka jefar. Idan kuma ta karye a jikin dabba, a yanke naman da ke kewaye da wurin a zubar, tsinken kabon ba ya narkewa a tukunya.

Kan farauta ka ɗauki mai wuƙa kafaffiya, biyu ko uku, giren 100, daidai da nauyin kan atisaye. Mai buɗewa idan ya bugi nama yana cin ƙarfi wajen buɗewa, ciyawa tana buɗe shi a hanya, kuma zoben robarsa yana bushewa a zafinmu. Na kafaffe ana wasa shi da dutse har ya aske gashin hannu. Bayan ka ɗaura, tsayar da kibiyar a kan bakinta a kan gilashi ka juya ta. In tana rawa, kan bai zauna daidai ba, kuma ba za ta bi saiti ba.

Saiti: mazaunin kibiya mai zoben gashi ya fi dacewa da kai, ba abin da ke motsi, kibiya ba ta faɗuwa kana sanɗa. Tsakiyar kibiya ta zama kusan 13/16 na inci daga jikin gangar, kuma ta yi kusurwa madaidaiciya da tsirkiya. Ka ɗaure takardar jarida a firam, ka harba ta ciki daga mita 2. Rami zagaye da tsagin gashi uku shi ne lafiya. In yagewar ta yi sama ko ƙasa, gyara tsayin mazauni. In gefe ne, matsa shi milimita ɗaya-ɗaya, ba fiye ba. Sai ka saita allurar saiti ta farko a mita 20. Dokar allurar saiti ita ce ta bi kibiya: ta faɗi hagu, matsa allura hagu; ta faɗi ƙasa, sauke ta ƙasa.

Abin harbi ba sai ka saya ba. Buhun masara biyu, ɗaya cikin ɗaya, a danƙare da tsummoki da tsofaffin gidajen sauro, a cire maɓallai da zif, ya isa kan atisaye. Kan wuƙa yana maƙalewa a buhu, shi sai soso mai tauri da aka jera aka ɗaure. Bayan buhun ya zama tudun ƙasa, ba zana ba.

Kuma ka tsaya a mita 20 zuwa 25. A gudunka, kibiyar da aka saita a 20 tana sauka fiye da santimita 20 ƙasa idan ta kai 30, ƙirjin gada kuwa bai fi haka faɗi ba. Ƙara ma tana riga kibiya isa nesa ba kusa ba, gada tana jin tas ɗin tsirkiya ta durƙusa don zabura, sai kibiya ta bi ta saman baya ko ta sami ciki. Ka jira ta ba ka gefe, ka nufi bayan kafaɗa, kashi ɗaya bisa uku daga ƙasan ƙirji. Bayan harbi zauna rabin sa'a kafin ka bi jini.

Malam_Na_Alkaleri:

Madalla da bayanan 'yan uwa. Akwai abubuwa biyu da masu sayarwa a waje ba za su gaya maka ba.

Na farko halaccin naman. A cikin kayan ƙananan dabbobi za ka ga kai mai dunƙulen roba ko ƙarfe marar kaifi, ana tallarsa don zomo da tsuntsu, yana kashewa da bugu. Ga Musulmi wannan matsala ce. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce abin da makamin ya huda da kaifinsa a ci, abin da ya buga da faɗinsa ya mutu kada a ci, domin bugagge ne, kuma aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta haramta bugaggiya. Don haka in ka yi amfani da dunƙulen, sai ka riski dabbar da rai ka yanka. Mafi sauƙi ka sa ƙaramin kan wuƙa har ga zomo da zabo, ka sa masa washa mai ƙugiyoyi a baya don kada kibiya ta ɓace a ciyawa. Bismillah lokacin saki ake yi, ba bayan an isa wurin dabba ba, kuma duk wadda aka samu da sauran rai yankawa ake yi, wuƙa ta kasance a kugu. Dafi kuma, ƙwanƙwani ko waninsa, ba shi da gurbi a nan: wuƙa mai kaifi zubar jini take kashewa da shi, kuma malaman Malikiyya ba su halatta abin da ake shakkar dafi ne ya kashe shi ko kaifi ba.

Na biyu doka. Yankari, Lame-Burra da Sumu wuraren da aka killace ne. Shiga cikinsu da makamin farauta laifi ne ko da ba ka harbi komai ba, kuma masu gadin daji ba sa bambanta bindiga da baka. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, tana aiki ko a wajen gandun daji. Barewa ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan, gwanki da kanki ma haka, a bar su. Ka je ofishin gandun daji ka nemi izinin farauta, ka gabatar da kanka ga Sarkin Baka na yankinku ka shiga ƙungiyar maharba ka samu kati. Da yanayin tsaro na yanzu, mutum da baƙon makami a shingen bincike yana buƙatar takarda a aljihu. Bakan ya kasance cikin jakarsa, kawunan wuƙa a kwance cikin akwati daban, rasit na tare da kai. Ɗan'uwanka kuma ya yi magana da ejan ɗin kwastan da kamfanin dako kafin ya biya, ya rubuta kayan da sunansu na gaskiya, domin ba kowane mai dakon jirgin sama ke karɓar kawunan wuƙa ba.

Injiniya_Toro:

Ƙari kaɗan kan kula da shi, tunda lokacin hunturu zai fara aiki. Kaki da ƙurar hunturu idan suka haɗu suna zama kamar sanfefa a kan tsirkiya. Kafin ka shafa sabo, naɗa zare sau ɗaya a jikinta ka ja shi daga sama zuwa ƙasa ya kankare tsohon, sannan ka shafa kaɗan ka murza da yatsu har ya narke. Wurin da aka naɗe da zare da inda tsirkiya ke hawa wili ba a shafa musu. Ban da bakin mai, ban da man shafawa, ban da kyandir. Layin wili a share shi da busasshen buroshin haƙori.

Kada ya kwana a but ɗin mota ko ƙarƙashin kwano da rana tsaka, kada a jingina shi kusa da salansar babur ko wutar gashi; zaren tsirkiyar nan a wajen digiri 150 yake narkewa, kuma tun kafin nan ya fara saki. Duk wata ka bi fukafukai da auduga, inda ta maƙale akwai tsaga, a daina ja. Ranar da ya iso, bayan harbi kamar ɗari biyu, ka auna tazarar aksil zuwa aksil da tazarar tsirkiya da mariƙi ka rubuta a cikin murfin jaka, ka kuma ja layi da maka a kan kowane wili daidai gefen fiffike. Idan layukan nan suka gusa ko awon ya canja da fiye da milimita 3, kebul ya miƙe, sai a matse a ƙara masa murɗi rabi-rabi har layi ya dawo wurinsa. Silin zare ɗaya ya tsinke a tsirkiya kuwa, a cire ta a sa ta biyun, kuma a yi odar wata a makon.